Mutumin Perak: Abin da Gwajin Kabon Ya Faɗa da Abin da Aka Jingina Masa

Gidan tarihin ƙasar Malesiya, Muzium Negara, yana tsakiyar Kuala Lumpur, 'yar tafiyar ƙafa daga babbar tashar jiragen ƙasa ta KL Sentral. Tun 1963 aka buɗe shi. A zauren farko, na zamanin da ba a soma rubutu ba, akwai ƙwarangwal kwance a takure, gwiwoyi sun nufi ƙirji. Shi ake kira Mutumin Perak. Hotonsa ba ya yawo shi kaɗai a waya, kullum da labarin da aka rataya masa. Wannan ya ce gwajin kabon ya nuna mutane sun zauna a Malesiya tun kusan shekara miliyan biyu. Wancan ya ce ga kakan Malayawa nan. Na uku ya ce duk shaci-faɗi ne, ai an taɓa gwada dodon koɗi mai rai aka ce ya shekara dubbai.

Kowace daga cikin maganganun nan tana da ƙwayar gaskiya a ciki, shi ya sa suke da wuyar mutuwa.

Abu na farko mai sauƙi ne. Ƙwarangwal ɗin da ke Muzium Negara kwaikwayo ne. Ƙasusuwan asali sun daɗe a Kuala Lumpur, amma bayan da UNESCO ta sanya Kwarin Lenggong cikin wuraren tarihi na duniya a 2012, an mayar da su Lenggong, a jihar Perak, inda aka tono su. Farfesa Zuraina Majid ta Universiti Sains Malaysia da tawagarta ne suka gano kabarin a farkon shekarun 1990, cikin wani kogo mai suna Gua Gunung Runtuh. Namiji ne, ya kai shekara 40 zuwa 45, kuma an haife shi da nakasa a hannun hagu. An binne shi da kayan aikin dutse, da ƙasusuwan namun daji, da tarin katantanwar rafi. Mai nakasa ya kai wannan shekaru a rayuwar farauta da tsintar abinci, sannan aka yi masa sutura irin wannan: lallai akwai waɗanda suka kula da shi, kuma suka san darajarsa.

To, yaya gwajin yake? Can sama, haskoki masu ƙarfi daga sararin samaniya suna bugun iskar naitirojin, sai wani ɗan kaso ya rikiɗa ya zama kabon-14. Kaɗan ne ƙwarai, wajen ƙwaya ɗaya cikin tiriliyan na kabon. Tsirrai su shaƙe shi, dabbobi su ci tsirrai, mutum ya ci duka biyun. Muddin da rai, abin da ke jiki daidai yake da na iska. Da zarar rai ya yi halinsa, shigowa ta tsaya, abin da ke ciki ya soma zagwanyewa, rabinsa yana tafiya duk bayan shekara 5,730. Kamar randa ce mai yoyo: an san cikarta, an san saurin yoyonta, saboda haka ragowar ruwan kan faɗi lokacin da aka daina zuba mata. Willard Libby na Jami'ar Chicago ne ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1940, kuma ta ba shi kyautar Nobel a 1960.

Daga nan maganar miliyoyin shekaru ta faɗi. Bayan shekara 50,000, abin da ya rage na kabon-14 bai kai kashi ɗaya cikin 400 ba, har ya zamana ɗan dattin zamani da ya taɓa samfurin zai iya danne shi. Nan iyakar gwajin take. Kuma ba a gwada dutse da shi, sai abin da ya taɓa rayuwa: gawayi, itace, ƙashi, ƙwanso, ƙwayar hatsi. Don haka in an ji cewa duwatsun kogon Batu, a gefen Kuala Lumpur, sun kai kimanin shekara miliyan 400, masana duwatsu ne suka kai ga wannan ta hanyoyinsu, babu ruwan kabon-14. Haka ma ƙasusuwan manyan dabbobin dauri da ake tonowa a Gadoufaoua ta Nijar.

Lambar kusan miliyan biyun nan kuwa, wato miliyan 1.83, ba ƙirƙira ba ce, daga Lenggong ta fito. A 2009 Mokhtar Saidin na jami'ar da Zuraina ta fito ya sanar da cewa a Bukit Bunuh an sami wasu duwatsu masu siffar gatarin hannu a manne cikin dutsen da ya narke sa'ad da wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama. A Japan aka auna shekarun narkakken dutsen, ta hanyar ƙirga tabon da fashewar yuraniyom ke bari cikin ƙananan ƙwayoyinsa. Abin da aka auna lokacin faɗowar dutsen ne. Ko waɗancan duwatsu aikin hannu ne, da ko tun lokacin suka shiga ciki, masana da dama a wajen Malesiya ba su gamsu ba har yanzu. A Kota Tampan, nan kusa, an sami wurin sassaƙa kayan dutse haɗe da tokar aman wutar Toba ta Sumatra, wadda ta tashi kimanin shekara 74,000 da suka wuce. Wannan ma ya wuce inda kabon ke kaiwa.

Batun kakanni ya fi taɓa zuciya, don haka ya fi yaɗuwa. Gwajin kabon lokaci yake faɗa, ba ya faɗin dangi ko harshe. Masu nazarin ƙashi sun ce siffar Mutumin Perak ta fi kusa da ta mutanen asalin Ostireliya da Melanesiya, kuma harsunan dangin Malayanci sun bazu a yankin ne dubban shekaru bayan mutuwarsa. Ba kuma shi ne ɗan Adam mafi daɗewa da aka gano a Malesiya ba. Abin da ake yaba masa shi ne cika: a Kudu maso Gabashin Asiya yana sahun gaba cikin tsofaffin ƙwarangwal da aka samu kusan cikakku. Ƙoƙon kan da Tom da Barbara Harrisson suka tono a kogon Niah na Sarawak a 1958 ya girme shi nesa ba kusa ba. Gawayin da ke kusa da ƙoƙon ya ba da kimanin shekara 40,000, aka shafe shekaru ana musu cewa wataƙila daga baya aka haƙa rami aka binne shi cikin tsohuwar ƙasa. Sai da aka koma kogon a farkon shekarun 2000 ƙarƙashin Graeme Barker, aka kuma auna ƙashin kansa ta hanyar yuraniyom, sannan ya tabbata cewa ya ninka Mutumin Perak tsufa wajen sau uku.

Akwai masu cewa masanan kansu ba su daidaita kan shekarun Mutumin Perak ba, tun da wani wuri an rubuta 10,120, wani wuri 11,000. Ba saɓani ba ne. Lambar farko ɗanyen sakamakon ɗakin gwaji ce, kuma ana ƙirga ta ne baya daga 1950, ba daga bana ba. Libby ya ɗauka yawan kabon-14 a iska bai taɓa canzawa ba, daga baya aka gane yana hawa yana sauka gwargwadon ƙarfin rana da maganaɗisun duniya. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya ma sun kusa ninka shi a arewacin duniya a farkon shekarun 1960. Maganin da aka samo shi ne auna abubuwan da aka riga aka san shekarunsu: zobban jikin itatuwa, waɗanda ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya har kusan shekara 14,000, da shimfiɗun laka na shekara-shekara a tafkin Suigetsu na Japan. Da su aka gina jadawalin gyara, wanda aka sabunta a 2020. In aka bi da 10,120 ta wannan jadawali, sai ta haura shekara 11,000 ta kalanda.

Saura dodon koɗi. Wannan labari gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗe shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A 1963 masu bincike a Amurka sun wallafa cewa ƙwansunan dabbobin ruwa na zamaninsu sun nuna har shekara 2,300. A 1984 aka sami dodon koɗi mai rai a wasu maɓuɓɓugai na Nevada da ƙwansonsa ya nuna shekara 27,000. Abin da masu yaɗa labarin ke tsallakewa shi ne, masana kimiyyar ne da kansu suka wallafa wannan, don su nuna dalilinsa. Ruwan da ya ratsa dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti, yana narkar da tsohon kabon wanda kabon-14 ɗinsa ya ƙare tun tuni. Dabbar da ta gina ƙwansonta da wannan ruwa, tun tana raye randarta ba a cike take ba. Matsalar ta ruwan ce da abin da ke rayuwa a cikinsa. Ba ta shafi itacen da ya shaƙi iska ba.

Sai dai wannan ya shafi Mutumin Perak kai tsaye, kuma a nan ne mai shakka yake da hujja. A ƙasashe masu zafi da laima, sinadarin da ake cirowa daga ƙashi don gwaji yakan lalace da wuri, sai a koma ga abin da aka binne tare da mamaci. A Gua Gunung Runtuh katantanwar rafi na cikin abin da aka auna, kuma Lenggong ƙasar farar ƙasa ce. Ke nan jadawalin gyara yana tura lambar baya, illar ruwan kuma tana iya sa ta fi gaskiya tsufa. Shi ya sa mai kula yake cewa shekara 10,000 zuwa 11,000, ba ya yanke rana da wata. Wanda ya ɗauki 10,120 tamkar ranar haihuwa a takardar asibiti ya yi kuskure, wanda ya ce tun da akwai gyara to ƙila mutumin jiya-jiya ne shi ma ya yi. Irin kayan dutsen da ke kabarin da zurfin shimfiɗar da yake ciki duk sun dace da wancan zamani.

A gida akwai misalin da ya fi wannan tsabta. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a jihar Yobe ta yanzu, jikinsa aka ɓantara aka gwada, ba abin da ke gefensa ba. Ɗakunan gwaji biyu a Jamus, na Kiel da na Kolon, suka auna, duka sakamakon ya kai shi kimanin shekara 8,000. Duk da haka, abin da lambar ke faɗa shi ne lokacin da itacen ya girma, ba ranar da masassaƙi ya ɗora masa gizago ba.

Wannan bambanci shi ke cikin zuciyar muhawarar da ta fi zafi a Malesiya a 'yan shekarun nan, ta Sungai Batu a jihar Kedah, inda aka tono wuraren narka ƙarfe tun daga 2009. An yaɗa cewa wurin ya soma aiki a shekara ta 788 kafin haihuwar Annabi Isa, har ake kiransa wayewa mafi daɗewa a yankin. Lambar daga gwaji ta fito, ba wanda ya ƙaga ta. Amma wasu masu bincike na ƙasar da suka tattara sakamakon duka suka nuna cewa mafi yawansu sun faɗa ne cikin ƙarnonin bayan haihuwar Annabi Isa. Gawayi guda na iya fitowa daga zuciyar tsohon itacen da ya shekara ɗaruruwa kafin a sare shi, ko daga gobarar dajin da ta riga maƙeran zuwa wurin. Ƙarfen da maƙeran Kedah suka narka yana nan, tandunansu suna nan, kuma tarihinsu abin alfahari ne a kowane ƙarni ya faɗa. Abin da zai tabbatar da 788 shi ne a sami wasu samfura daga cikin tandun kansu, na abu mai gajeren rai kamar ƙwayar hatsi ko ƙaramin reshe, su ma su ba da wannan zamani a ɗakin gwaji fiye da ɗaya.