2.3 Jami'a da Manomin Karkara: Misalin Samaru

A wannan fasali za a duba yadda binciken jami'a ya shafi rayuwar manoman karkara, tare da ɗaukar Samaru ta Zariya a matsayin misali. Tun a shekarar 1922 Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar gwajin aikin gona a wannan wuri. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai tashar ta koma ƙarƙashinta da sunan Cibiyar Binciken Aikin Gona.

A farkon al'amari, tunanin masu bincike shi ne ilimi yana wurin masana, aikin manomi kuwa karɓa ne kawai. Saboda haka a filin gwaji ana shuka iri ɗaya tal a gona, a jere, sannan malaman gona su kai wa manoma sakamakon. Amma manoman ƙasar Hausa ba su daina haɗa gero da dawa da wake, wani lokaci har da gyaɗa, a gona guda ba. Wasu jami'ai sun ɗauki wannan a matsayin taurin kai ko rashin wayewa.

Abin da ya girgiza wannan ra'ayi shi ne binciken da wani sashe na nazarin tattalin arzikin karkara ya gudanar a ƙarƙashin jagorancin David Norman daga tsakiyar shekarun 1960. Maimakon zama a tasha, ma'aikatan sashen sun shiga ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna ziyartar magidanta a kai a kai har tsawon shekara, suna rubuta aikin da aka yi a kowace gona, da wanda ya yi shi, da abin da aka girbe. Sakamakon ya nuna cewa babbar matsalar manomi ba ƙarancin fili ba ce, ƙarancin hannaye ne a watannin Yuni da Yuli, wato lokacin da ciyawa take tasowa, kowane gida kuma yana fama da noman gonarsa, ɗan ƙwadago ya yi tsada. A irin wannan hali, noma guda a gonar da aka haɗa shuka yana amfanar iri biyu ko uku a lokaci ɗaya. Bugu da ƙari, gero yana nuna da wuri ya fitar da iyali daga yunwar damina, dawa ta biyo baya, wake kuma ya ba da abinci da harawar dabbobi. Idan ruwa ya ɗauke wani iri ya lalace, da wuya duka su lalace tare. Ashe abin da aka kira jahilci lissafi ne na mutumin da ba shi da inda zai koma idan rumbunsa ya tashi babu komai.

Wannan bincike ya taimaka wajen haifar da tsarin nazarin da ke kallon gona da gida da kasuwa a dunƙule, wanda Norman da abokan aikinsa suka bayyana a littafinsu na 1982 kan tsarin noma a yankin sabana na Nijeriya. Ya kuma shafi koyarwa, domin ɗalibin aikin gona ya zama sai ya san halayyar zaman jama'ar karkara, ba sanin ƙasa da taki kaɗai ba.

Sai dai ba a ce an rabu da tsohon tunani ba. Ayyukan raya karkara da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975 da tallafin Bankin Duniya sun fi mayar da hankali kan takin zamani da ingantaccen iri, musamman masara, kuma manomin da ke da kuɗin sayensu shi ya fi cin moriyarsu. Fasali na gaba zai duba matsayin malaman gona a cikin waɗannan ayyuka.