Lissafin Yiwuwa a Teburin Karta: Nawa Mai Babban Kati Zai Zuba?

A shekarar 1654 wasu masana lissafi biyu 'yan ƙasar Faransa, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi ta musayar wasiƙu a kan wata tambaya da ta taso daga wajen 'yan caca: idan wasa ya katse kafin a kai ƙarshensa, yaya za a raba kuɗin da aka zuba? A kan waɗannan wasiƙu aka aza harsashin lissafin yiwuwa, wanda ɗaliban sakandare ke gamuwa da shi a jarrabawar WAEC, kuma masu hasashen yanayi da kamfanonin inshora suke dogara da shi. Caca dai haramun ce a Musulunci, kuma babu abin da lissafi zai canja a wannan hukunci. Amma tambayoyin da ta haifar sun daɗe da barin gidan caca sun shiga jami'a. Ɗaya daga cikinsu ta cancanci a zauna a kanta, domin tana nuna cewa mutum zai iya riƙe abu mafi daraja a hannunsa, ya kuma tafka asara saboda bai san farashin da zai sa masa ba.

Tambayar ta fito ne daga wasan karta na Amurka da ake kira foka, musamman nau'insa mai suna Texas Hold'em. Ana yin sa da kati 52, masu daraja 13, kowace daraja tana da kati huɗu. Mafi girma shi ne mai alamar A, sai K, sai Q, sai J, sannan lambobi daga 10 zuwa 2. Ana ba kowane ɗan wasa kati biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur domin amfanin kowa: uku a tashin farko, sai ɗaya, sai kuma ɗaya. Kafin kowace buɗewa, da kuma bayan ta ƙarshe, ana zagayen zuba kuɗi, inda kowa yake da zaɓi uku: ya janye, ko ya biya daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara. Kati biyu masu daraja ɗaya, wato tagwaye, sun fi kati warwatse, amma uku masu daraja ɗaya sun fi tagwaye komai girmansu.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ita ce tushen matsalar. Mutum biyu da ke zaune hagu da mai rabo dole ne su zuba wani abu tun kafin su ga katinsu, na farko ƙaramin zubi, na biyu ninkinsa. Waɗannan su ne masu zubin dole. A zagayen farko su ne na ƙarshen magana, amma da zarar an buɗe kati ukun nan, sai su koma na farkon magana har wasa ya ƙare.

Sau nawa babban kati ke zuwa?

Hanyoyin ɗauko kati biyu daga cikin 52 su ne 52 sau 51 a raba da 2, wato 1,326. Hanyoyin ɗauko A biyu daga cikin huɗu kuwa 6 ne kacal. Ke nan yiwuwar samun tagwayen A ita ce 6 cikin 1,326, wato sau ɗaya a cikin rabo 221. Idan aka haɗa su da abokin karawa ɗaya mai riƙe da kowane irin kati, aka buɗe duk biyar ɗin, suna cin kusan kashi 85 cikin ɗari. Da abokan karawa biyu sai abin ya sauka zuwa kusan 73, da huɗu kusan 56, da tara kuwa kusan 31. Katin bai canja ba, yawan masu neman sa'a a kansa ne ya ƙaru.

Tsakanin arha da tsada

A ɗauka zubin dole dala 1 ne da dala 2, kowa kuma yana da dala 200 a gabansa. Wani da ke kusa da mai rabo ya ƙara zuwa dala 6, mai ƙaramin zubi ya janye, shi kuwa mai babban zubi ya duba ya ga tagwayen A. Zai iya tura duk dala 200 ɗinsa. Amma abokin karawar mai hankali zai janye, sai ya tashi da ribar dala 7 kawai daga katin da ya jira rabo fiye da ɗari biyu kafin ya samu. Wannan tamkar mai doki ne da ya tsawwala kuɗi har kasuwa ta watse.

To, a ce ya sassauta, ya ƙara zuwa dala 12. A ce kuma abokin karawar yana riƙe da tagwayen 6. Abin da wannan yake fata shi ne 6 ta uku ta fito a cikin kati ukun farko. Daga kati 50 da bai gani ba, hanyoyin fitar da uku su ne 19,600. Waɗanda babu 6 a cikinsu su ne 17,296. Saura 2,304, wato kusan kashi 12 cikin ɗari, ko sau ɗaya a cikin takwas da rabi. Ma'ana, kowane dace ɗaya yana tafe da rashin dace bakwai da rabi. Idan dala 6 kawai aka nemi ya cika, abin da yake bukatar ya ci ranar da ya dace shi ne 6 sau bakwai da rabi, wato dala 45. Akwai dala 19 a tsakiya tun yanzu, kuma mai tagwayen A yana da sauran dala 188, wanda da wuya ya ƙi zuba wani kaso mai tsoka daga ciki, tunda yana ganin shi ne a sama. Cinikin ya yi wa mai tagwayen 6 daɗi ƙwarai.

Amma idan ƙarin ya kai dala 24, sai lissafin ya juya. Yanzu dala 18 zai cika, yana bukatar ya ci dala 135. Akwai 31 a tsakiya, saura 104 da sai ya tatso daga dala 176 da suka rage wa ɗayan, kuma ba kullum zai samu ba. Wani lokaci ma A ta uku za ta fito ta rusa masa gini. Ya biya, ribarsa ta zama abar shakka; ya janye, ya bar dala 6. Wannan shi ne abin da ƙarin ya kamata ya yi: ya zama bai yi tsadar da zai kori kowa ba, bai kuma yi arhar da zai sa neman sa'a ya zama riba ba.

Illar fara magana

Abin da aka saba koyarwa a tsakanin ƙwararrun wasan shi ne wanda zai riƙa magana daga ƙarshe ya ninka ƙarin farko kamar sau uku, mai zubin dole kuwa kamar sau huɗu, ya kuma daɗa idan wasu sun riga sun biya. Dalilin bambancin shi ne labari. Wanda ya yi magana daga baya ya riga ya ga abin da ɗan'uwansa ya yi, shi kuwa na farko yana yanke shawara a cikin duhu. Babban ƙari yana rage wannan illa. Bayan ƙarin dala 12, akwai 25 a tsakiya da 188 a hannu, wato ninki bakwai da rabi, fili mai faɗi da mai ƙarin labari zai yi ta juya ɗan'uwansa. Bayan ƙarin dala 24 kuwa, akwai 49 a tsakiya da 176 a hannu, ƙasa da ninki huɗu. Shawarwari masu wuya da suka rage sun ragu.

Ba duk manyan tagwaye ne suke daidai ba, kuma malamin lissafi zai sami kyakkyawan aikin aji a nan. Mai tagwayen K yana tsoron A huɗu: hanyoyin da babu A su ne 15,180 cikin 19,600, don haka A tana fitowa kusan kashi 23 cikin ɗari. Mai tagwayen Q yana tsoron kati takwas, yiwuwar ta haura zuwa 41. Mai tagwayen J kuwa yana tsoron goma sha biyu, sai ta kai 57, wato fiye da rabin lokaci zai ga katin da ya fi nasa a kan tebur, kuma shi ne zai fara magana.

Akwai wani lissafi da masu gidan caca ba su cika son a yi ba. Duk abin da wani ya ci, wani ne ya rasa, sannan gidan yana yankar kasonsa daga abin da aka tara. Idan aka haɗa riba da asarar duk mazauna teburin, amsar tana ƙasa da sifiri a kowane dare.

Ɓoye sirri da lissafi

Saura matsala ɗaya. Idan mutum ba ya yin babban ƙari sai yana da tagwayen A ko K, ƙarin da kansa ya tona masa asiri, kowa zai janye. John von Neumann, masanin lissafi haifaffen Budapest, shi ne ya warware wannan. A 1928 ya buga takardar da ta kafa nazarin dabarun wasa, a 1944 kuma shi da masanin tattalin arziki Oskar Morgenstern suka fitar da littafin Theory of Games and Economic Behavior, inda suka yi nazarin wani sauƙaƙƙen nau'in foka. Sakamakon ya ba mutane mamaki: dabara mafi inganci ita ce ɗan wasa ya zuba da mafi kyawun katinsa, ya kuma zuba da mafi muninsa, ya yi shiru da na tsakiya. Burga ke nan ta tashi daga halin maƙaryata ta zama sakamakon lissafi. A teburin zubin dole, wannan yana nufin ƙarin dala 24 ɗin nan dole ya zama iri ɗaya ko da A biyu ne a hannu ko wani kati da bai kai su ba.

An ɗauki shekaru da dama kafin na'ura ta gwada wannan a cikakken wasa. A 2015 ƙungiyar Michael Bowling a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada ta sanar da manhajar Cepheus, wadda ta kusan warware wasan mutum biyu mai ƙayyadadden zubi, inda babu tambayar nawa za a zuba. Nau'in da ba shi da iyakar zubi ya fi wuya nesa ba kusa ba. A watan Janairun 2017, manhajar Libratus ta Tuomas Sandholm da Noam Brown na Jami'ar Carnegie Mellon ta kara da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh na tsawon kwana 20, rabo 120,000, ta kuma doke su. Wani abin da ya rikita su shi ne yadda take sauya girman zubinta, wani lokaci ɗan kaɗan, wani lokaci ninkin-ba-ninkin abin da ke tsakiya.

A 2019 masanan biyu suka fito da Pluribus, wadda ta yi galaba a tebur mai mutum shida. Ba a koya mata dabarun mutane ba. Wasa ta yi ta yi da kanta har ta gano nata. A farkon koyonta takan shiga wasa ta hanyar biyan daidai zubin dole ba tare da ƙari ba, amma da ta ƙware sai ta watsar da wannan ɗabi'a a kowace kujera, in ban da kujerar mai ƙaramin zubin dole.