Kyamarar Tsaron Da Ta Tona Asirin Masu Gida

A watan Janairun 2012, wani mai binciken tsaron kwamfuta da ke kiran kansa someLuser ya tasa wata ƙaramar kyamara ta kamfanin TRENDnet na jihar Kalifoniya a Amurka a gaba. Irin kyamarar nan ce da iyaye ke kafawa a ɗakin jariri, 'yan kasuwa kuma a shago, don mutum ya riƙa duba kayansa da iyalinsa ta intanet ko yana nesa.

Ya kwance manhajar da aka dasa a cikin kyamarar, yana bin fayilolinta ɗaya bayan ɗaya, sai ya ci karo da wata jaka mai suna "anony". Da ya rubuta adireshin kyamarar ya ƙara wannan suna da na wani fayil da ke ciki, sai ga bidiyo kai tsaye ya bayyana. Ba a tambaye shi suna ba, ba a nemi kalmar sirri ba. Mai gida zai iya zaɓar kalmar sirri mai tsawo da wuyar cinka, amma manhajar ba ta duba ta a wannan hanya ko kaɗan. An garƙame ƙofar zaure da kwaɗo, ta baya kuma tana hangame.

Yana wallafa abin da ya gano, labari ya bazu kamar yadda aka yi tsammani. Mutane suka shiga Shodan, injin da ke zaƙulo na'urorin da ke haɗe da intanet, suna tattara adireshi. Kafin a ankara, an baza hanyoyin shiga kyamarori kusan 700. Baƙin ido suka wayi gari suna kallon jarirai na barci a gadajensu, yara na wasa a tsakar falo, manya na harkokinsu cikin sakin jiki, ba su san ana leƙensu ba.

Kamfanin ya fitar da gyara, amma sai mai kyamara ya sauke shi da hannunsa, kuma ƙalilan ne suka yi rajistar da za a iya sanar da su. A Satumbar 2013 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta bayyana cewa aibin yana nan tun Afrilun 2010. Wannan ne karon farko da ta tuhumi mai ƙera kayan gida masu haɗi da intanet. Aka wajabta wa kamfanin sanar da abokan cinikinsa, da miƙa kansa ga binciken masana na waje duk shekara biyu har tsawon shekara 20.

Abin takaici, darasin bai shiga ba. A 2017 aka gano cewa wasu kyamarorin kamfanin Hikvision na ƙasar Sin suna ba mutum cikakken iko idan ya liƙa 'yan haruffa a ƙarshen adireshi.

Mai saye ba ya ganin cikin manhaja, amana kawai ya ɗauka ya ba mai ƙira. Don haka nauyin farko na wuyan kamfani ne. Namu kuwa shi ne sabunta manhajar a kan lokaci, da hana kyamara fita intanet in babu buƙata, da nisanta ta daga ɗakin kwana.