In A-Kori-Kura Tana Misin Tana Tsaye

Jama'a, kaka ta yi, hanyoyi sun bushe, kowa yana so ya kai amfanin gonarsa kasuwa. A wannan mako za mu ajiye maganar taki da iri, mu taɓa maganar mota, domin buhu ba ya zama kuɗi sai ya bar rumbu.

Akwai wani manomi a gundumar da na ke aiki, yana da tsohuwar a-kori-kura, Peugeot 504, irin waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan an buɗe ma'aikatar can a 1975. In tana tafiya lafiya lau. Amma in ya tsaya ya bar inji yana silo, sai ta riƙa girgiza, ta yi kamar za ta mutu, sa'an nan ta farfaɗo. Yau ta yi, gobe ba ta yi ba. Wannan shi makanikai ke kira misin, watau wata silinda ta kan tsallake ba ta kama wuta ba. Aka ce masa sai an sauke inji an sake ringi, kuɗin kuwa sai ya sayar da bijimi. Na ce ya dakata mu bi abin daki-daki, mu fara daga mai araha.

Ga dalilin da ya sa ciwon ya fi fitowa a silo. Kowace silinda tana bukatar abu uku kafin ta yi aiki: tartsatsin wuta daga filogi, da fetur gauraye da iska daidai gwargwado, da matsi. In inji mai silinda 4 yana juyi 800 a minti, kowane filogi yana ba da wuta sau 400. A lokacin nan totur kusan a rufe ya ke, abin da ke shiga silinda ɗan kaɗan ne, saboda haka ƙaramin aibi ya isa ya hana shi kamawa. Da ka taka totur sai abincin inji ya yi yawa, aibin ya ɓuya.

Kafin ka ɗauki sifana, yi kwana biyu kana lura da lokacin da ta ke yi. In da sanyin safiya ne, ko bayan ruwa ko wanki, zargi wayoyin filogi da murfin distiributa, domin laima ita ke ba wuta hanyar gudu. In sai inji ya ɗau zafi, zargi kwail ko kwandansa ko bawul da aka ɗaure fiye da kima. In kuwa ya fara ne bayan ka sha mai a galan a bakin hanya, to, ka san inda za ka fara duba. Makaniki na gari zai yi maka waɗannan tambayoyi. Wanda bai tambaye ka kome ba ya kama kwance-kwance, ni dai ba na sakin jiki da shi.

Sa'an nan a gane ko silinda ɗaya ce ke yi, ko kuwa abin yawo ya ke. Ja birkin hannu, fid da giya, bar inji yana silo har ya fara. Da filaya mai roba a hannu, zare wayar filogi ɗaya, ka saurara, ka mayar. Lafiyayyar silinda in an cire mata waya inji zai ƙara rauni nan take. Wadda aka cire wa inji bai damu ba, ita ce ba ta aiki. Hannu ya zama busasshe, babbar riga kuma a tuɓe ta, kada fanka ta kama. Motar da ba ta da kwantak, watau mai wutar lantarkin zamani, kada a bar wayarta tana lilo, a kusantar da bakinta jikin inji, in ba haka ba a kan ƙona mata kayan wuta.

In ka sami silindar, ga wata dabara wadda ba ta cin ko kwabo. Musanya filoginta da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi filogi ya koma can, ka kama ɓarawo. In bai bi ba, gwada wata waya a madadin tata. In har yanzu yana nan, to, aibin ya rage tsakanin murfin distiributa da cikin silindar kanta. Ka riƙa komar da kowace waya gurbinta, domin wuta tana bin tsari ne, 1, 3, 4, 2.

Filogi kuwa in ka iya karanta shi ba ya ɓoye magana. Mai launin toyayyar gyaɗa lafiya ya ke. Mai baƙin kunkunniya busasshe, fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Mai danshin baƙin mai, ringi ko bawul na yoyo. Fari fat, iska ta fi fetur. In ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran da datti, ruwan lagireto ne ke shiga silindar nan, sai a dubi gasket. Da dare kuma buɗe bonet a cikin duhu inji yana aiki. In ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga waya zuwa ƙarfe, wayar ta tsage.

In abin yawo ya ke, buɗe distiributa. Duba cikin murfi ko da tsaga ko wani siririn baƙin layi kamar na fensir. Duba kwantak ko ya ƙone, tazararsa a irin wannan mota wajen milimita 0.4 ce. Kama sandar tsakiya ka girgiza ta gefe da gefe. In tana wasa, tazarar kwantak za ta riƙa sauyawa da kowane juyi, ko ka sa sabo ba zai zauna ba.

Yanzu ga inda na fi so ku kula, domin nan aka fi yin ɓatan kai. A silo inji yana zuƙa da ƙarfi ta bayan totur, ko wace ƙaramar kafa kuwa sai ta shigo da iskar da ba ta bi ta kafireta ba. Ɗan fetur ɗin da ke akwai sai ya tsinke ya kasa kama wuta. Gwajin mai sauƙi ne. Ja cok kaɗan lokacin da ta ke misin. In inji ya daidaita, iska ta yi yawa ko fetur ya kasa. Sai ka bi tiyoyin roba ɗaya ɗaya kana matse su da filaya, tun ba babban nan mai zuwa ga tukunyar birki ba. Wanda ka matse inji ya sake murya, shi ne. Yayyafa ruwa a gindin kafireta, in murya ta sauya gasket ɗin wurin ya mutu. Waɗansu da fetur su ke wannan gwaji, kada ka bi su, gobara ba ta sallama.

Motar mutumin nan a nan muka same ta. Tiyon birki ne ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. In inji ya karkata tsagar ta buɗe, in ya komo ta rufe, shi ya sa ciwon ke zuwa yana tafiya. Tiyon da bai wuce kamu biyu ba muka sake, bijimi yana nan a turke.

In ba kafa, sai a kwance jet na silo, raminsa bai fi bakin allura ba, ƙurar hunturu kuwa ba ta raina shi. Hura shi da famfon taya, kada a soka masa waya, ramin zai faɗaɗa. Zuba fetur kaɗan daga tanki a kwalba ka ajiye, in da ruwa zai kwanta a ƙasa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a murɗa sukurun silo a ɗaga murya don a rufe ciwo. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke mai daga jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringin da a da lafiya su ke sai su ci da gaske.

Matsi shi ne na ƙarshe. A fara daidaita tazarar bawul yadda littafin motar ya ce, sa'an nan a auna kowace silinda da ma'auni. Kada wata ta gaza sauran da abin da ya wuce kashi 1 cikin 10 da yawa. Wadda ta gaza a zuba mata baƙin mai cokali ɗaya ta ramin filogi a sake aunawa. In matsi ya hau, ringi ne. In bai hau ba, bawul ne, kai kawai za a cire, ba sai an sauke inji ba. Biyu maƙwabta in sun gaza tare, galibi gasket ne ya ƙone a tsakaninsu.

Masu motocin baya-bayan nan da ke da kwamfuta, irin waɗanda aka sayar a Amurka daga 1996, a jona musu na'urar karatu. Lamba P0300 tana nufin misin mai yawo, P0301 silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har ƙarshe. Na'urar wurin ta ke nunawa, dalilin kuwa sai an bi matakan nan. Mai injin gas ba shi da filogin tartsatsi, shi sai ya fara da matatar mai, da iskar da ke shiga bututun mai, kana ya je ga nozul.