Motar Maƙwabci A Bakin Garejinka: Rigimar Da Ke Ɓata Zumunci A Gidajen Bene Na Kado

Masu iya magana sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. A garuruwanmu na gargajiya abin da kan haɗa maƙwabta faɗa bai wuce indararon da ke zubar da ruwa a gidan wani ba, ko akuyar da ta tsinke ta ci shanya, ko kuwa rigimar yara wadda iyaye suka ɗauka da zafi. Amma a Abuja, babban birnin Tarayya, musamman a unguwannin da gidajen bene suka yi yawa kamar Kado, an sami wani sabon mafarin husuma wanda kakanninmu ba su san shi ba, watau motar maƙwabci da aka girke a bakin garejin wani, ko a kan hanyar da zai bi ya fita.

Wanda bai taɓa zama a irin waɗannan gidaje ba zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. To, a tambayi ma'aikacin da ya shirya tun da asuba don ya sauke yara a makaranta ya wuce ofis, ya fito ya tarar an toshe shi, ya yi ta hawa bene yana sauka yana ƙwanƙwasa ƙofofi, bai ma san ko motar wa ce ba. A tambayi magidancin da naƙuda ta kama iyalinsa da ƙarfe biyun dare, mai motar da ta tare shi kuwa ya kashe waya ya yi barci, ko ma ya yi balaguro da makulli a aljihu. A irin wannan dare jinkirin minti goma yana iya jawo asarar rai.

YADDA AKA ZO NAN

Cunkoson motoci yana cikin manyan dalilan da suka sa aka bar Ikko. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ne ya ba da shawarar wurin da za a koma, sa'an nan a watan Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya sanar da kafa sabon babban birni. An kammala taswirar birnin a 1979, gwamnati kuma ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991. Bisa wannan taswira aka raba birnin kashi-kashi, Kado ta faɗo cikin kashi na biyu tare da Jabi da Utako da Mabushi da Jahi. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, yau kuwa Titin Ahmadu Bello ya ratsa ta zuwa Gwarimpa, ga tafkin Jabi a kusa, ga kuma kasuwar kifin nan da ta yi suna. Kusancinta da tsakiyar gari ya sa filinta ya yi tsada, tsadar fili kuwa ita ke sa mai gini ya yi sama, ya kuma cika kowane taƙi da ɗakin haya.

Waɗanda suka zana taswirar sun yi tanadin hanyoyi na musamman domin safarar jama'a, don kada kowa ya dogara da motar kansa. Wannan ɓangare na shirin shi ne ya fi jan ƙafa. A 2006 aka hana acaɓa a cikin birni, a 2013 aka hana ƙananan motocin bas na haya shiga tsakiyarsa. Jirgin ƙasan birni da aka buɗe a 2018 ya tsaya a 2020, ya dawo aiki a 2024, amma layinsa bai bi ta Kado ba. Saboda haka duk magidancin da ya sami hali sai ya sayi mota, in hali ya ƙaru ya saya wa uwargida tata, tun da 'yan Kwatano sun sauƙaƙa abin da a zamanin Udoji sai babban ma'aikaci ke samu.

Sai mai karatu ya yi lissafi da kansa. Mota guda tana bukatar wuri mai faɗin kamar mita 2.5 da tsawon mita 5. Bene mai gidaje shida, in kowane gida yana da mota biyu, motoci 12 ke nan, watau murabba'in mita 150, ban da filin juyawa wanda kan ci kusan wani kamar haka. Ga tankin ruwa, ga janareto, ga ɗakin maigadi, duk a cikin farfajiya ɗaya. Idan baƙo ya zo, ko ana suna a gida guda, sai dai a jera motoci wata bayan wata. A da, mai motar baya kan bar ta a firi don a iya tura ta gefe. Motocin yanzu masu canza giya da kansu ba su turuwa sai da makulli.

FARFAJIYA MARAINIYA

Ƙarancin wuri rabin matsalar ne kawai. Ɗaya rabin shi ne farfajiyar ba ta da uba. A gidan Bahaushe akwai maigida, akwai zaure inda ake kashe magana, in ta gagara a kai wa mai unguwa. Kowa ya san kowa, ya san uban kowa, kunya kaɗai ta isa ta hana mutum tare ƙofar wani. A benen Kado kuwa, mutumin Sakkwato ne a ƙasa, na Inugu a tsakiya, na Ibadan a sama, kowa ya fita da duhu ya dawo da duhu, wani har ya shekara bai san sunan wanda bango ɗaya ya raba su ba.

Sa'ad da yawancin gidajen ma'aikata ke hannun gwamnati, akwai ofishin da ake kai kuka. A 2003 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta fito da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a maimakon ba su gida da mota, daga 2005 kuma, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, aka shiga sayar da gidajen gwamnati. Kowa ya mallaki ɗakunansa, amma matattakala da farfajiya da hanyar shiga suka zama na kowa, abin kowa kuwa ba mai kula da shi. A gidajen 'yan kasuwa ma haka abin yake: mai gida yana nesa, wakilinsa ba a ganinsa sai ranar karɓar haya, maigadi kuwa ba shi da bakin da zai ce wa mai ba shi na goro ya gyara fakin.

ABIN DA MALAMAN SHARI'A SUKA TANADA

Mota sabuwa ce, amma tare hanya tsohon abu ne, kuma malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kansa. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1426, wanda alƙalan Arewa suka sani sarai, yana da babi a kan cutar da maƙwabci. Ibn al-Rami, wani babban magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukuncin gine-gine da hanyoyi. A nan gida ma, a ƙarni na 19, Alƙalin Gwandu Idris ɗan Halidu ya tattara irin waɗannan mas'aloli domin amfanin masu yanke hukunci.

Abubuwa uku daga cikin bayaninsu sun dace da zancenmu. Na farko, mutum yana da haƙƙin amfani da filin da ke bakin ƙofarsa, ya zauna, ya sauke kaya, ya ɗaure dabbarsa, muddin bai takura masu wucewa ba. Na biyu, lungun da ba ya ɓullewa mallakar dukan waɗanda ƙofofinsu ke cikinsa ne, babu wanda zai yi wani abu a ciki da zai cuci saura sai da yardarsu. Farfajiyar bene mai ƙofa ɗaya ba ta da bambanci da wannan lungu. Na uku, cuta dole a kawar da ita, amma ba a kawar da ita da wata cutar irinta.

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba. Wanda ake yawan tare wa hanya yana iya zuwa kotu ya nemi a hana maƙwabcinsa, har ya nemi diyya in ya yi asara. Sai dai dokar Final Kod, wadda ke aiki a Abuja kamar yadda take aiki a Arewa tun 1960, ta sa ɓarnata dukiyar wani cikin laifuffuka. Wanda ya huce haushinsa da yanka taya, ko kankare fenti, ko fasa gilashi, ya tashi daga mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma, kuma shi ne zai kwana a caji ofis. Masu cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi ba su faɗi wanda zafin kan ƙone a ƙarshe ba. Ko a Ingila, tun 2012 doka ta hana mai fili ya ɗaure ƙafar motar wani ko ya sa a ja ta ba tare da izinin hukuma ba, saboda yadda abin ya zama hanyar zalunci.

Kada kuma a ɗauka kiran jami'an hanya zai magance komai. Aikinsu a kan titin gwamnati yake, farfajiyar gida kuwa wuri ne na masu shi. Daɗin daɗawa, a watan Oktoba 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an duba motoci na birnin ba su da ikon ƙwace mota ko cin tara.

MATAKAN DA SUKA FI DACEWA

Mataki na farko shi ne sanin juna tun kafin a saɓa. Wanda ya tare a sabon gida ya zaga ya yi sallama, ya ba da lambar wayarsa, ya karɓi ta jama'a, ya san wace mota ce ta wa. Mutum yakan ji nauyin tare wanda suka gaisa da shi jiya.

In abin ya faru, a yi magana ido da ido, a keɓe, bayan rai ya kwanta. Danna oda da asuba har dukan bene ya farka, ko zagi a gaban matar mutum da 'ya'yansa, ba abin da yake haifarwa sai taurin kai. Sau da yawa mai laifin bai ma san ya yi laifi ba: baƙonsa ne, ko direba, ko ɗansa da ya dawo da dare ya ga wuri ya cusa mota. A faɗa masa abin da aka rasa saboda tarewar, a kuma nemi mafita tare. Mai fita da wuri ya ajiye tasa a baki, mai fita a makare ya shige ciki. Wanda dole ta sa ya tare wani ya bar waya a buɗe, ko ya bar makulli a hannun wanda aka amince da shi. Wanda zai yi tafiya kuwa kada ya kuskura ya bar motarsa a bayan ta wani.

In an yi magana sau biyu sau uku ba ta ci ba, sai a fara ajiye shaida: hoto, da rana, da lokaci. A rubuta wa mai kula da gidan ko shugabannin ƙungiyar mazauna takarda mai ladabi, a riƙe kwafinta. A duba takardar haya, domin mutane da yawa sun ɗauka gareji nasu ne alhali ba a rubuta haka ba, wakilin mai gida kuwa ya yi wa mutum biyu alkawarin wuri ɗaya da baki. Dattijon da kowa ke ganin girmansa, ko limami, ko fasto, yakan kashe wutar da lauya zai ƙara rura ta.

Kafin a kai ga shari'a akwai wata ƙofa da jama'a da yawa ba su sani ba. Tun 2003 Babbar Kotun Abuja take da zauren sasanci, inda mai shiga tsakani ke zaunar da ɓangarori biyu su daidaita da kansu, abin da suka amince da shi kuma kotu ta sa masa hannu ya zama hukunci. Ya fi ƙara sauƙin kuɗi da lokaci, ya kuma bar wa mutane fuskar da za su gaisa da ita gobe a matattakala.

TUN RAN GINI, TUN RAN ZANE

Duk da haka, haƙurin 'yan haya ba zai faɗaɗa farfajiya ba. Kowane bene yana bukatar ƙa'ida rubutacciya wadda mazauna suka zauna suka yarda da ita: a shata wa kowane gida wurinsa da fenti a sa lamba, a keɓe wa baƙi nasu ko su tsaya a waje, a bar hanya ɗaya buɗe dare da rana domin motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana, a kuma ba maigadi iko na gaske, kowa ya mara masa baya. Gwangwanin fenti guda da takarda ɗaya sun fi kuɗin lauya araha.

Masu gidaje su daina mayar da gareji shago ko ɗakin haya, su kuma faɗa wa mai neman gida gaskiyar yawan motocin da wurin zai ɗauka kafin ya biya. Sashen kula da gine-gine na Abuja, wanda shi ke amincewa da zanen kowane bene, ya tabbata wurin motocin da aka nuna masa a takarda yana nan a ƙasa bayan an gama gini. A Japan, tun 1962 doka ta wajabta wa mai sayen mota a birane ya nuna shaidar inda zai ajiye ta kafin a yi mata rajista. Ko ba mu kai can ba, magidanci yana iya yi wa kansa wannan tambaya kafin ya ƙaro ta biyu.

A ƙarshe, jama'a, mu tuna cewa ranar da gobara ta tashi, ko ciwo ya kama yaro cikin dare, ɗan'uwan da ke Kano ko Katsina sai dai ya ji labari a waya. Wanda zai fara fitowa da bokiti, ko ya tuƙa ka zuwa asibiti, shi ne wannan maƙwabci da kuke hararar juna saboda taku biyar na siminti. Zaman lafiya, in ji magabata, ya fi zama ɗan sarki. Allah Ya ba mu maƙwabta nagari, Ya sa mu ma mu zama nagari gare su.