A Paris, riga ce ke zaɓen mai sa ta

Ranar 2 ga watan Agusta 2006, a Montebideyo ta ƙasar Urugwai, wata budurwa mai tallar tufafi, Luisel Ramos, ta sauko daga dandalin nuna kaya ta faɗi matacciya. Shekarunta 22. Zuciyarta ce ta tsaya, bayan ta daɗe tana hana kanta abinci. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara Ana Carolina Reston ƴar Barazil ta bi bayanta, tana da shekara 21, nauyinta kilo 40 kacal.

Mai karatu zai tambaya, mi ya kai su ga haka alhali ba fari aka yi ba? Amsar tana cikin yadda sana'ar ke tafiya. Telan kasuwa yana auna mai kaya kafin ya sa almakashi. Manyan gidajen ɗinki na Paris da Milan kuwa riga guda suke yankawa ta gwaji, ƴar siririya, galibi lamba 34, sa'an nan a nemo yarinyar da za ta shiga cikinta. Wadda ƙugunta ya ƙaru da santimita biyu sai a kira wata, domin masu jiran aikin sun fi aikin yawa. Da yawansu ƴan ƙauye ne daga gabashin Turai ko Afirka, kuma kamfanin da ya kawo su yana bin su bashin kuɗin jirgi da na ɗaki. Yarinyar da ake bi bashi ba ta gardama da ma'auni.

Birnin Madrid ne ya fara tsawatawa a watan Satumba 2006, ya hana duk wadda awon jikinta bai kai 18 ba hawa dandali. Ga mace mai tsawon mita 1,75, wannan na nufin kilo 55. Faransa, uwar sana'ar, ta ja ƙafa har shekara goma. Sai a 2017 dokarta ta fara aiki: ba a ɗaukar mai talla sai da takardar likita, wanda ya karya doka kuwa yana iya shan wata 6 a gidan kaso da tarar yuro 75.000, wajen miliyan 49 na sefa ke nan. Hoton talla da aka rage wa jiki da kwamfuta, tilas a rubuta haka a jikinsa. A shekarar ce LVMH da Kering, masu Dior da Gucci, suka yi alkawarin daina neman lamba 32. Doka dai ta kama takarda, ba ta kama rigar gwajin ba.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga zancen, tun da Alphadi ya buɗe FIMA a Tigidit kusa da Agadas a 1998, ƴan matanmu suka ga ƙofa. To amma budurwar da ke son shiga tana tsakanin ma'auni biyu. A gida ƙiba ce shaidar cewa ana kula da mace, har wasu na sayen ƙwayoyin deksametazon a tebur don su cika, magani mai jawo hawan jini da ciwon suga. A Paris kuwa wannan jikin da uwa ke alfahari da shi ba ya shiga lamba 34.