Jiragen Ruwan Alfarma da Tsoffin Garuruwan Gaɓar Teku: Matsayin Legas da Hausawanta

Daga cikin rassan yawon buɗe ido da suka fi bunƙasa a wannan ƙarni akwai balaguron shaƙatawa a jirgin ruwa, wato tafiyar da fasinja ke biyan kuɗin ɗaki da abinci da nishaɗi a dunƙule, jirgin ya riƙa tafiya da dare yana wayar gari a wata sabuwar tasha, inda matafiya kan sauka su zaga gari na 'yan sa'o'i kafin su koma. Alƙaluman CLIA, ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a, sun nuna cewa fasinjoji miliyan 29.7 ne suka yi irin wannan tafiya a 2019, sa'an nan bayan tsaikon da annobar korona ta jawo adadin ya kai miliyan 31.7 a 2023. Jiragen da ake kira na alfarma su ne ƙananan cikinsu, masu ɗaukar mutum 'yan ɗaruruwa a kan farashi mai tsada, kuma saboda ƙanƙantarsu suna iya shiga tashoshin da manyan jirage masu ɗaukar dubbai ba sa iya kusanta. Su ne aka fi gani a gaɓar Afirka ta Yamma, a kan hanyar da ta taso daga Cape Town ta bi ta Luwanda da Kwatano da Lome da Tema da Takoradi da Banjul har zuwa Dakar, hanyar da ba kasafai ake ganin sunan Legas a jadawalinta ba, duk da cewa babu birnin da ya kai ta girma a wannan gaɓa.

Dalilan ƙaruwar wannan zirga-zirga sun haɗa da yawaitar masu hannu da shuni da suka yi ritaya a Turai da Amurka, waɗanda suka riga suka zaga Bahar Rum suna neman inda ba su taɓa takawa ba, da kuma hare-haren da mayaƙan Huthi na Yaman suka fara kai wa jirage a Bahar Maliya daga Nuwamban 2023, abin da ya tilasta wa kamfanoni da dama barin mashigin Suwez suna zagayowa ta kudancin Afirka. Amma hajar da ake tallatawa a wannan gaɓa ita ce tarihin cinikin bayi. Hukumar UNESCO ta sanya tsibirin Gore na Senegal cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1978, ta bi da tsoffin ganuwowin Turawa na gaɓar Gana a 1979, cikinsu har da na Elmina wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, sa'an nan gwamnatin Gana ta ayyana 2019 a matsayin shekarar komowa gida ga zuriyar bayin da aka ƙetare da su, shekaru 400 bayan isar rukunin farko Virginia a 1619. Ƙasashen da suka gyara waɗannan wurare, suka horar da masu rakiyar baƙi, suka kuma sauƙaƙa saukar fasinja, su ne jiragen ke ya da zango a cikinsu.

Ba rashin tarihi ya hana Legas shiga wannan sahu ba, domin garin Badagry da ke yammacinta yana da duk abin da ake nema. A can ne kasuwar bayi ta Vlekete take, da kurkukun Seriki Williams Abass mai ƙananan ɗakuna da aka riƙa tsare mutane a ciki, da sarƙoƙi da marin ƙarfe da iyalin Mobee suka adana, da benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da kuma hanyar rairayi da ta ratsa tsibirin Gberefu zuwa bakin tekun da ake loda bayi. Cikas ɗin ya fi yawa a teku da tasha. Hukumar IMB mai bin diddigin fashin teku ta bayyana cewa daga cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duniya a 2020, mutum 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su, kuma ko da yake lamarin ya yi sauƙi ƙwarai bayan dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 da shirin tsaron ruwa na Deep Blue da aka ƙaddamar a 2021, kamfanonin na tsara jadawalinsu ne shekaru biyu ko uku kafin tafiya, saboda haka mugun suna kan daɗe bayan dalilinsa ya gushe. Tashar Apapa kuwa ta kaya ce, cunkoson manyan motocinta sananne ne, haka ma tashar Lekki da aka buɗe a 2023 don kwantena aka yi ta. Tun da jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya daina jigila tsakanin Ingila da Legas a 1974, birnin ya rabu da al'adar karɓar fasinjan teku mai nisa, kuma matafiyin da ke da sa'o'i takwas kacal a ƙasa ba zai yarda ya ƙarar da rabinsu a kan titin Badagry ba.

Ko da an kawar da waɗannan matsaloli, ya kamata a auna amfanin da ma'auni na gaskiya. Fasinja yana kwana a jirgi, yana cin abincin da ya riga ya biya, yawon cikin garin ma a jirgi ake sayar masa da shi, inda kamfani ke ɗibar kasonsa kafin ya miƙa ragowar ga wakilinsa na tasha, wanda shi ke kawo motoci masu sanyi da 'yan rakiya. Abin da ke sauka a gari shi ne kuɗin tsayuwa a tasha, da kuɗin shiga gidajen tarihi, da ɗan cinikin kayan tsaraba a wuraren da aka riga aka zaɓa, saboda haka ga talakan gari jirgin ya yi kama da hadarin da ya haɗu a kan gonarsa amma ya zubar da ruwansa a wani wuri. Gwamnatin Italiya, wadda ta hana manyan jirage shiga tsakiyar birnin Venis a 2021, ta ɗauki matakin ne bayan ta ga ɓarnar ta rinjayi ribar. Sai dai akwai wani amfani da ba ya shiga lissafin kuɗi, wato kiyaye tsoffin gine-gine, domin hukuma ba ta cika barin a taɓa ginin da baƙi ke biya don su gani ba. Gidan Ilojo Bar mai fasalin ginin Birazil da ke kusa da dandalin Tinubu a Legas, wanda aka rushe a 2016 alhali yana cikin gine-ginen da doka ta kare, shaida ne a kan abin da ke samun tarihin da ba shi da mai ziyara.

A nan ne batun ya shafi Hausawan unguwannin Obalende da Agege na Legas kai tsaye, domin tarihin gaɓar nan nasu ne, ko da yake ba a cika jin sunansu a bakin 'yan rakiya ba. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa Hausawa da dama hannun masu cinikin bayi, aka ƙetare da su ta Legas da Badagry da Wida zuwa Bahiya ta Birazil, inda suka shirya bore a 1807, kuma wasunsu suka shiga boren Musulmi na birnin Salvador a 1835. Ta Badagry ne Bature Hugh Clapperton ya shigo a ƙarshen 1825 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tafiyar da ya rasu a cikinta a kusa da Sakkwato a 1827. Bayan Ingila ta karɓi Legas a 1861, Baturen mulki John Glover ya kafa rundunar Hausawa a 1863, akasarinta waɗanda suka tsere daga bauta, rundunar da aka kai yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma daga gare ta sojan Nijeriya ke jawo asalinsa. Obalende kanta ta fara ne a matsayin mazaunin irin waɗannan sojoji, barikin Dodan da ke gefenta kuma ya zama fadar gwamnatocin soja har zuwa komawa Abuja a 1991, yayin da fataucin goro da layin dogo suka kafa zangon Hausawa a Agege.

Obalende tana dab da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, da dandalin Tafawa Ɓalewa, da tashar ƙananan jiragen ruwa ta Falomo, ma'ana tana cikin da'irar da baƙo zai iya zagawa a yini guda. Amma sana'o'in da aka fi sanin Hausawa da su a wurin ba su dace da tsarin jirgin ba. Mai tsire da balangu a ƙarƙashin gadar Obalende sai magariba ta gabato yake hura wuta, ya jera tsinke, ya yanka albasa a kan takarda, daidai lokacin da jirgi ke ɗaga anga, ɗan canji kuma ba shi da ciniki da mutumin da ya biya komai da kati tun daga ƙasarsa, 'yan acaba kuwa an hana su aiki a yankunan Eti-Osa da Apapa da tsibirin Legas tun Yunin 2022. Dukawa da 'yan koli masu sayar da jakunkunan fata da tsakiya da huluna ne kaɗai ke da ƙofa, ita ma idan an ba su rumfa a inda motar baƙi za ta tsaya.

Abin da za a iya yankewa daga wannan duka shi ne, gina tashar fasinja da gyaran hanyar Badagry aikin gwamnati ne, kuma su za su sa jiragen su zo ko su ci gaba da wucewa, amma rabon Hausawan Legas bai rataya a kansu ba, ya rataya ne a kan wanda ya rubuta hanyar da za a bi da baƙi da labarin da za a gaya musu. Muddin sarakunan Hausawa na unguwannin da ƙungiyoyin 'yan kasuwarsu ba su tattara wannan tarihi sun horar da matasan da za su bayar da shi ba, zuwan jiragen ba zai ƙara wa Obalende komai ba sai wucewar motoci masu baƙin gilashi.